Ya Fi Wa, Kuma a Wajen Me? Tunani a kan Gwarzon Wasan Bidiyo na Shekara

Hausa ba ta da wata ɗafa-ƙeya da ake liƙa wa sifa don a nuna abu ya zarce ƴan uwansa. Abin da take da shi aikatau ne, wato "fi", kuma wannan aikatau ba ya son zaman kaɗaici. In ka ce "Damagaram ta fi", mai sauraro zai zuba maka ido yana jiran ka ƙarasa, sai ka ce "ta fi Tawa yawan jama'a" kafin jimlar ta zauna da gindinta. Gurabe uku ke nan: wanda ya fi, wanda aka fi, da abin da aka yi fifikon a kansa. Ko da mun dunƙule magana mun ce "mafi kyau", gurbin wanda aka fi yana nan, rufe shi kawai muka yi. Duk ƙarshen shekara, idan kafofin labarai suka shiga shelar wasan bidiyon da ya fi kowane kyau a na'urorin wasa na gida, wannan darasi na ginin jimla ne yake faɗo mini a rai, sai in ga ina neman cike gurabun da masu shelar suka bari a buɗe.

Bikin da ya fi suna a wannan fage shi ne The Game Awards, wanda ɗan jarida Geoff Keighley ya ƙirƙiro a 2014, ana kuma yin sa a birnin Los Angeles na Amurka a watan Disamba. Kafofin labarai fiye da 100 na ƙasashe daban-daban ne suke fitar da ƴan takara. A wajen zaɓen gwarzo, ƙuri'arsu ce take da kashi 90 cikin 100, ta jama'ar da ke zaɓe ta intanet kuma kashi 10. A bikin 7 ga Disamba 2023, wasanni shida ne suka kai zagayen ƙarshe: Baldur's Gate 3, Alan Wake 2, Marvel's Spider-Man 2, Resident Evil 4, Super Mario Bros. Wonder da The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom. Na farkon, aikin kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam, shi ya tafi da kambi. Na zaɓi yin magana a kan wannan shekara saboda wasanninta ne na samu damar taɓawa da hannuna, kuma sai da ta daɗe da wucewa suka iso gare ni. Wannan jinkirin ma yana cikin zancen.

Ba ni da ja a kan cewa Baldur's Gate 3 gagarumin aiki ne. Na yi makonni ina leƙa shi a na'urar wani abokina a Yamai. An gina shi a kan dokokin Dungeons & Dragons, inda ɗan lido mai fuska 20 yake yanke hukuncin ko dabararka za ta ci. Kusan duk wanda ka tarar a hanya kana iya yi masa magana, ka lallashe shi, ka yi masa ƙarya ko barazana, kuma abin da ka zaɓa ka faɗa yau yana iya dawo maka bayan sa'o'i talatin na wasa. Ga ɗalibin harshe wannan daula ce, domin a ciki magana tana yin aikin da takobi yake yi a wasu wasannin. In ma'aunin shi ne zurfin labari da yalwar zaɓi, alƙalan sun yi daidai.

Sai dai mu koma gurbi na biyu, na waɗanda aka fi. Cikin wasanni shidan nan, uku ba sa tafiya sai a sababbin na'urori irin PlayStation 5 ko a kwamfuta mai ƙarfi, biyu kuma na Nintendo Switch ne kaɗai. Resident Evil 4 ne kawai ya fito a PlayStation 4, na'urar da na fi gani a ɗakunan wasa na unguwannin Maraɗi da Yamai. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a Nuwamba 2020, kuɗinta a Turai Yuro 500 ne, wato kusan jikka 328 na sefa tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan. Alan Wake 2 ya fito ba tare da faifai ba, sai dai a sauke shi ta intanet. Baldur's Gate 3 kuwa nauyinsa ya haura giga 100. Duk wanda ya taɓa sayen megas na jikka ɗaya don ya sauke maƙala ya san abin da wannan adadi yake nufi. Ƙari a kan haka, daga watan Agusta 2023 wutar da Nijar take saye daga Najeriya ta yanke na tsawon watanni, kuran ya zama baƙo a unguwanni da yawa. A daren da ake tafi a Los Angeles, tambayar da ke bakin masu wasa a nan ita ce ko wuta za ta kai a ƙare wasa ɗaya. Saboda haka gasar da aka yi can, tsakanin wasannin da alƙalai suke iya kaiwa gare su aka yi ta, kuma kalmar "shekara" da ke cikin sunan kambin shekarar kasuwarsu ce. Tamu tana biyo baya da shekara biyu ko uku, a cikin faifan da ya sha hannu.

Gurbi na uku shi ne ya fi damuna, domin a nan harshe yake shigowa. Ina da ƙane ɗan shekara goma sha shida wanda ya bar lakwal bayan firamare ya shiga koyon gyaran babur. In ya riƙe maneti, yatsunsa suna yin abin da nawa ba za su taɓa yi ba. A PlayStation 4 da muka saya ta hannu, ya buga Elden Ring, gwarzon 2022, wasan da ya yi suna wajen wahala. Muryoyin cikinsa tsohon Ingilishi ne, rubutun ƙasa kuma Faransanci mai nauyi, inda ake kiran jarumin da "Sans-éclat". Ƙanena bai tsaya karanta ko layi ɗaya ba. Babban abokin gaba na farko, wanda wasan ya kira Margit, shi "Tsoho mai sanda" yake ce masa, ya kuma kayar da shi a yini biyu. Ya ci wasan da hannu, labarin kuma ya wuce ta kansa kamar ruwa a bayan agwagwa. A Elden Ring wannan yana yiwuwa. A Baldur's Gate 3 ba ya yiwuwa, domin muryoyinsa Ingilishi ne zalla, kuma kowane mataki sai ka karanta jimloli huɗu ko biyar ka zaɓi ɗaya. Duk abin da ya sa alƙalai suka ba shi kambi yana bayan ƙofar da mabuɗinta karatun Faransanci ko Ingilishi ne da sauri. Kyawun yana nan, amma ga ƙanena da dubban irinsa daidai yake da kyawun ɗakin da aka kulle.

Da za a ba fadar unguwarmu ƙuri'a, na san abin da za ta zaɓa tun shayin farko bai tafasa ba: ƙwallon ƙafa. A Satumba 2023 kamfanin EA ya fitar da EA Sports FC 24, bayan rabuwarsa da hukumar FIFA wadda sunanta yake kan wasan tun 1993. Har yau ban ji yaro ɗaya ya kira shi da sabon sunan ba, "Fifa" ce dai, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama "Omo" a bakin iyayenmu mata. Wasan bai shiga jerin shidan can ba, amma shi ne yake tara mutum goma a gaban tele ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne harshen da ake yi a wurin. Sunayen maɓallan maneti daga Faransanci aka aro su, Hausa kuma ta yi musu irin gyaran da ta saba yi wa baƙin kalmomi: ta raba baƙaƙen da suka cunkushe, ta sa wasali a tsakani. Maɓallin da ke da alamar gicciye ya zama "kurwa", mai kusurwa huɗu ya zama "kare". Wanda ya shigo daga waje ya ji ana ihun "danna kurwa, saki kare!" zai ɗauka wani tsafi ake yi. Mai sharhin cikin wasan yana ta zuba Faransancinsa, ba mai sauraronsa, domin ƴan kallo sun ɗora nasu sharhin a kai, da kirari da habaici irin na filin kokowa. Wanda aka ci uku ba ko ɗaya "an yi masa kaye" ne. Wasan da aka yi a wata nahiya ya samu fassarar Hausa, sai dai fassarar a baki take, kuma tana watsewa da zarar an tashi.

Nawa zaɓin na 2023 wani ƙaramin wasa ne, Chants of Sennaar, na kamfanin Rundisc da ke Tulus a Faransa. Ya fito a Satumba na shekarar, yana kuma tafiya a PlayStation 4. An ɗauko tushensa daga labarin hasumiyar Babila. Kai baƙo ne a wata hasumiya mai hawa-hawa, al'umma biyar suna zaune a cikinta, kowace da harshenta da rubutunta, ba mai jin maganar wani. Ba ƙamus, ba tafinta. Abin da kake da shi littafin rubutu ne da idonka. Ka ga alama a jikin wani maɓalli, ka ja shi, ƙofa ta buɗe, sai ka yi hasashen cewa wannan alama "buɗe" take nufi. In ka tara hasashe, littafin zai kawo maka zane-zane ka haɗa kowace alama da hotonta. Wannan ita ce dabarar da ake koya mana ta tattara bayanai a fili ba tare da harshen tsakiya ba, wadda masanin harshe Kenneth Pike ya yi suna da gwada ta a gaban jama'a.

A wannan wasa ne na fara zama da ƙanena muna daidai, domin ba wanda ya taɓa zuwa lakwal ɗin waɗannan harsuna. A hawa na farko muka ga alamar da muka riga muka gane tana nufin mutum, an rubuta ta sau biyu a jere. Ina cikin jera hasashe irin na ɗalibi, sai ya ce, "Yaya, ai mutane ne. Ba ka ji ana cewa iri-iri, kala-kala ba?" Haka ne kuwa: jam'i ta hanyar ninki, abin da harshensa na uwa ya riga ya shuka masa. A hawa na biyu mayaƙa suna da alama ta daban mai nuna jam'i, a na uku kuma mawaƙa suna sa karɓau a farkon jimla kafin aikau da aikatau. A nan ya ɗan tsaya, har na tuna masa cewa mu ma mukan ce "tuwo na ci" in muna son jaddadawa, sai ya kama hanya. Yaron da takardar makaranta ta ce bai yi nisa ba ya yi nazarin ginin kalma da ginin jimla na harsuna biyar, bai san sunan abin da yake yi ba, yana kuma roƙon kada a ɗauke wuta.

A bikin na 2023 an sa Chants of Sennaar a wani rukuni na gefe, na wasanni masu saƙo ga al'umma, kuma wanda ya ci rukunin ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Sunansa Tchia, labarinsa ya samo asali daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya, muryoyinsa kuma da Faransanci da Drehu aka ɗauke su, harshen da masu magana da shi ba su kai mutanen wata unguwa ta Maraɗi yawa ba. Kafin shi, a 2014, an yi Never Alone da haɗin gwiwar al'ummar Inupiat ta Alaska, mai ba da labarin yana magana da harshensu. A 2024 kuma Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, wanda ake iya saurara da Swahili. Ni dai ban taɓa buɗe jerin harsunan wani wasa na tarar da Hausa ba, alhali masu jin ta sun kai miliyoyi da dama daga Agadas har Kumasi.

Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma mu ɗaliban kimiyyar harshe mun sha muhawara a kan kalmomin mulki, shari'a da kimiyya. Ina ganin ɗakin wasa ma ya cancanci mu shiga da na'urar ɗaukar murya. Yaran can sun riga sun yi rabin aikin: damar da ta rage wa ɗan wasa "rai" ce, babban abokin gaba "oga" ne ko "dodo", adana inda aka tsaya kuma "ajiya". Akwai kundin digiri a cikin yadda suke sirka Hausa da Faransanci da Zabarmanci a Yamai, akwai wani a cikin yadda kalmomin aro suke samun jinsi da jam'i a bakinsu. Ranar da wani kamfani zai nemi mai fassara masa wasa zuwa Hausa, zai fi kyau ya tarar da kalmomin da masu wasa suke faɗa an riga an tattara su, da a zauna a ofis a ƙago waɗanda ba wanda zai furta.

To, ga jimlata da gurabunta uku a cike. A cikin wasannin 2023 da suka iso hannuna, a kan na'urar da muke da ita, Chants of Sennaar ya fi Baldur's Gate 3 buɗe ƙofa ga wanda Hausa ce kaɗai jarinsa. Wanda yake da wani ma'aunin, shafin wannan mujalla a buɗe yake, ya kawo tasa jimlar, amma ya faɗa mana wa aka fi, kuma a wajen me.