Inji Ba Ya Mutuwa Banza

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a shekarar 1992 a ƙasar Karaye, ta mayar da manoma da yawa masunta, daga nan har ƙauyukan Rogo. A cikinsu, wanda ya samu halin ɗaura wa kwale-kwalensa inji, galibi tsohon Yamaha ne na hannu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Idan ya mutu a tsakiyar ruwa da la'asar, iska tana tasowa, kifi yana laushi a rana, masunci yakan ɗora wa tsufa laifi.

Gogaggen bakanike ba ya saurin yarda da haka. Tambaya ɗaya yake fara yi: mai ne ya yanke, ko wuta? Fulogi ne ke ba shi amsa. Idan ya kwance shi ya tarar da bakinsa a bushe, fetur bai iso ba. Idan ya jiƙe sharkaf, fetur ya iso amma bai ƙone ba. Sai ya jingina fulogin da ƙarfen injin, ya ja igiya. Shuɗin tartsatsi shaida ce cewa wuta lafiya take. Ja mai rauni kuwa, ko rashinsa ɗungurungum, yana nuni ga waya, koyil ko makunnin kashe inji.

Sau da yawa matsalar tana wajen mai. Akwai 'yar ƙofar iska a murfin tanki. In an manta ta a rufe, injin zai yi 'yan mintoci ya shaƙe. Tiyo mai tsaga yana zuƙo iska maimakon fetur. Fetur da ya kwana biyu a kafireta yakan bar danƙo, ya toshe ƙaramar kafar da mai ke bi. Ruwa kuma ya fi fetur nauyi, don haka yake kwanciya a gindin tanki, daidai inda injin ke sha. Kwalba mai haske ta isa gwaji: a zuba, a jira, ruwan zai ware kansa a ƙasa.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, tsada ta ƙara tura masunta wajen 'yan bumburutu, wasu kuma suka rage baƙin mai. Ma'aunin da aka saba shi ne rabin lita ga lita 25 ta fetur. Wanda ya rage ya adana 'yan kuɗi yau, gobe fistin ya kafe, kuɗin gyara ya cinye ribar kamun wata guda. Araha ba ta ado.

Shi ya sa masuncin da ya san ciwon kansa yake tace fetur tun a gaɓa, ya riƙe fulogi na biyu da sifana a cikin leda, kuma ba ya barin filafili a gida.