Tabla da hanyar Filinge: ina za a sauke iyali?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in an gama girbi an ɗaure hatsi an kai rumbu, mutane da yawa na tashi neman aiki. Wani aikin garka zai yi, wani gini, wani dillancin bisashe, wani an ɗauke shi kiwo. Akwai kuma ma'aikaci da gwamnati ta sake wa wuri. A da namiji kan tafi shi kaɗai, ya komo da faɗuwar ruwa. Yanzu da yawa na kwasar mata da yara su tafi tare. To, wane gari ya kamata a sauke su? Bari mu bi hanyar Filinge, mu tsaya Tabla, mu duba.

HANYA

In ka tashi daga Yamai ka nufi arewa maso gabas, za ka yi kusan kilomita 100 ka iso Balleyara. Tun kafin ka shiga gari za ka ga ƙasa ta sake. Ka bar tudu da fako, ka gangaro cikin kwari mai faɗi, mai rairayi, ga gawo ga goruba. Wanga kwari shi ne Dallol Boso. Tsohuwar hanyar ruwa ce da ta taso daga arewa, ta bi ta Filinge, ta yi kudu har kogin Kwara. Ruwan bai gudana a sama yanzu, amma yana nan kwance a ƙasa. A wurare da yawa, gina kaɗan za ka yi ka tarar da shi. Shi ya sa mutane suka cika kwarin.

Balleyara na cin kasuwa ran Lahadi. Kasuwar bisashe ce babba: shanu, raƙuma, tumaki, awaki, jakuna. Zabarmawa, Abzinawa, Bugaje, Filani da Hausawa duk nan suke gamuwa. A shekarar 2011 aka raba ta da Filinge, ta zama gunduma mai zaman kanta cikin jihar Tillaberi.

TABLA

Tabla na kusa da Balleyara, cikin ƙasar Tagazar. Tsohon gari ne. Tsofaffi na cewa wani malami Ba'abzine mai suna Alisan ne ya zauna nan, kuma daga gare shi sarautar Tagazar ta samo tushe. Zaman mutanen wurin noma ne da kiwo. Da damina hatsi da wake, da rani garka, tun da ruwa na kusa.

Mai zuwa da iyali zai ga abin da zai ja shi. Zaman ƙauye ya fi na babban gari sauƙi. Akwai filin ɗaure akuya da tunkiya, mace ba ta kwana bakin rijiya jiran guga, kasuwar Balleyara ba ta da nisa ga mai amalanke ko mai hawa kabu-kabu. Amma Bahaushen Kurfai ya san abu guda: a Tagazar Zabarmanci ya fi yawa a bakin mutane. Yaro ƙarami kan ɗauke shi wurin wasa, cikin ƴan watanni. Uwa ce kan sha kewa da farko, sai in an sauka kusa da dangi ko ƴan gari ɗaya.

Daga nan in ka yi arewa za ka iso Bonkuku, babban garin ƙasar Imanan, wanda ya yi suna da noman dankalin turawa. Mai ƙarfin ban ruwa ba ya rasa aiki can lokacin sanyi. Gaba kuma sai Filinge, kusan kilomita 180 daga Yamai, garin Kurfayawa, inda Hausa ce maganar gida da ta kasuwa. Nan akwai babban asibitin gunduma. Arewa da gari akwai Tukunus, gidan kiwon gwamnati, inda ake kula da irin shanun Azawak masu nono.

LISSAFIN SHEKARU

Kowane ɗaya cikin garuruwan nan na da aikin da zai ba mutum. Amma aiki na wata 4 ne ko 5, wani na shekara 1 ko 2. Karatun yaro ya fi haka tsawo. Lakwal ta farko aji 6 ce, shekara 6. Kwaleji shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC. Lise shekara 3, a ƙarshe a yi BAK. Duka shekara 13 ke nan, in yaro bai maimaita aji ba. Wanda ya zaɓi gari don aikin rani guda, ya mance da shekarun nan, ya yi gini bisa rairayi.

Uba na iya hawa mota ko babur ya tafi wurin aiki, ya kwana biyu ya komo. Yaro ɗan shekara 7 ba ya iya haka. Don haka a sauke iyali inda lakwal take, uba ya riƙa zuwa inda aiki yake.

Wurin da aka fi yin asara shi ne tsakanin aji 6 da kwaleji. In garin ba shi da kwaleji, sai a nemi mai masauki a wani gari, a kai masa yaro da ɗan buhun hatsi. Akwai masu riƙo da amana, Allah shi saka musu. Akwai kuma gidan da yaro zai zama ɗan aike, yarinya ta zama mai daka da ɗaukar ruwa, ba fitila, ba lokacin duba takarda. Kafin shekara ta ƙare yaro ya komo gida. Yarinya kuwa, iyaye da yawa ba su yarda ma ta tafi. A shekarar 2017 gwamnati ta kafa doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Doka ta yi nata. Amma abin da ya fi riƙe yarinya a aji shi ne ta tashi lakwal ta kwana ɗakin uwarta.

Tafiya nesa don karatu tsohon abu ne a ƙasar nan. Seyni Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, an haife shi Fandu a 1931, kuma Filinge ya je ya yi lakwal. Lokacin nan lakwal ba ta da yawa, dole a bar gida. Yau ta yaɗu cikin ƙauyuka, mai iyali na da zaɓi.

ABIN DA ZA KA DUBA DA IDONKA

Gani ya kori ji. Kafin ka ɗauko iyali zuwa Tabla, ko Balleyara, ko Bonkuku, ko Filinge, ka zo kai kaɗai ran aiki, ba ran kasuwa ba. Ka gaida mai gari, ka nemi darektan lakwal.

Na ɗaya, ka ƙirga aji, ka ƙirga malamai. In aji 6 ne malami 3, ka san kowane malami na riƙe da aji biyu. Ka tambaya ko ana ɗaukar sababbin yara kowace shekara.

Na biyu, ka duba ginin. Ajin zana da kara ba ya tashi sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na tashin shi, sai karatu ya gajarta kai da gindi. Ga kuma wuta. A shekarar 2021 gobara ta kama irin ajin nan a Yamai cikin watan Afrilu, ta sake kamawa a Maraɗi cikin watan Nuwamba. Kowane wuri yara 20 ko fiye suka rasu.

Na uku, ka taka da ƙafarka daga gidan da za ka sauka zuwa lakwal, da kuma zuwa kwaleji mafi kusa. In tafiyar ta gajiyar da kai, ka tuna da yaro cikin zafin watan Afrilu. Ka duba ko sai ya ƙetare kwalta, ko tabkin da ke cika da damina.

Na huɗu, ka tambayi iyayen yara, ba malamai kaɗai ba: yara nawa suka wuce kwaleji bara, mata nawa ne cikinsu? Ka tambaya ko kwamitin kula da lakwal na zama. Ka duba ko akwai ruwan sha da makewayi, don rashin makewayi na korar ƴan mata manya.

Na biyar, gidan likita. Kwari mai ruwa kwari ne mai sauro, kuma masassara ta fi ƙarfi daidai lokacin komawa lakwal, cikin watan Oktoba. Ka san nisan likita da dare, ka tanadi gidan sauro. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocinta.

Na shida, kwanciyar hankali. Rashin tsaro ya sa an rufe lakwal ɗaruruwa cikin jihar Tillaberi a shekarun baya. Ka tambaya ko lakwal ɗin garin ta yi shekarar bara cikakka, kuma ko malamai na kwana cikin gari.

Mai son ɗansa ya haɗa Larabci da Faransanci ya tambayi inda madarasar gwamnati take. Makiyayi kuma ya tambayi lakwal mai ba da abinci, don yaro ya zauna ko garke ya yi nisa.

TAKARDU DA LOKACI

Kada a tashi ba takardar haihuwar kowane yaro. Wanda ba shi da ita, a nemi ta alƙali tun da wuri, don ba a zama jarrabawa sai da ita. A karɓi takardar sauya lakwal hannun tsohon darekta, a kai wa sabo. In da hali, a yi ƙaura lokacin babban hutu, tsakanin Yuli da Satumba. Yaron da aka cire tsakiyar shekara kan yi asarar shekarar duka.

Ƴan uwa, ba mai shuka hatsi yau ya tuge shi gobe ya kai wata gona. Yaro ɗan lakwal haka yake. A duba ƙasa tun kafin a shuka, in an shuka a bar shi ya yi saiwa. Wanda ya karanta wanga labari ya karanta wa maƙwabcinsa mai shirin tashi. Allah shi ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, shi raya mana zuri'a.