Wayarka Ba Ta Lalace Ba, TalkBack Ne

Ɗan'uwa, idan wayarka ta fara magana, koren layi yana zagaye duk abin da ka taɓa, ba filashin take buƙata ba. TalkBack ne ya kunnu. Masu zuwa shagona a Birnin Kudu, har daga Gwaram, yawanci kashe shi suke nema, alhali shi ne idon makaho.

Ka ja yatsa dama, ya karanta abu na gaba. Ka taɓa sau biyu, ya buɗe. A shafin intanet, idan mai shafin ya raɗa wa kowane sashe suna, zai sanar da kai: nan kanu ne, nan wurin bincike, nan gundarin rubutu. Sai ka tsallaka inda kake so. In babu suna, maɓalli kawai zai ce. To mai tura kuɗi fa, da ba zai bambance aikawa da sokewa ba? Dole ya miƙa wa wani wayarsa har da lambar sirri.

Don Allah in ka ɗora hoto a Facebook, rubuta bayaninsa a Alt text. In akwai makaho a gidanku, shiga Settings, sai Accessibility, ku kunna, ku koya tare.