Karan Masallaci da Danginsa

Littattafan ilmin tsirrai da mu ke karantawa a kwalejin nan ba su rasa hoton wani tsiron hamada wai shi kaktus, wanda asalinsa Amurka ne, musamman ƙasar Meziko. Ni kuwa a Wuro Patuji na tashi, cikin Mubi, kusa da duwatsun Mandara, kuma muna da wani ɗan tsiro can wanda in ka gan shi sai ka rantse ƙanen kaktus ne. Shi ne karan masallaci. Masana suna kiransa Caralluma dalzielii, don tunawa da Likita Dalziel, wanda ya tara sunayen itatuwa na Hausa cikin littafi a 1916.

Tsawonsa bai cika wuce ƙafa biyu ba. Kore ne, mai kusurwa huɗu, da 'yan haƙora a gefe, amma ba su suka. A tsagar dutse ya ke son zama, inda ƙasar ba ta fi cikin tafi ba. Da damina ya kan sha ruwa ya adana a jikinsa. In rani ya yi tsanani, kogin Yedzaram ya koma yashi, ciyawa duk ta ƙone, shi yana nan, sai dai ya ɗan yamutse.

To, amma ba shi da haɗi da kaktus ko kaɗan. Ku jira furensa ya kaɗe, za ku ga 'ya'ya biyu sun fito kamar ƙahonin akuya. In sun fashe sai iri ya tashi cikin iska da farin gashi, daidai irin na tumfafiya. Watau ita ce 'yar'uwarsa. Zaman ƙishirwa ne kurum ya sa shi da kaktus suka yi kama.

Abin da ke damuna shi ne gari yana ta matsowa, masu fasa dutse kuma ba ruwansu da abin da ke cikin tsaga, ga yaranmu sun san na Meziko, ba su san na bayan gidansu ba. Saboda haka in na fita koyon aikin malanta, da shi zan tafi aji cikin gwangwani. Dasa shi ba wuya: a karyo reshe, a bar shi ya sha iska kwana uku, a kafa cikin yashi, kada a cika masa ruwa don sai ya ruɓe. Sai dai wanda zai aiki yara su ɗebo, ya fara nuna musu tinya tukuna. Ita ma a duwatsu ta ke, farin ruwanta kuwa yana iya ɓata ido. Na karan masallaci garau ya ke.