Abin da Ƙasa Ta Ɓoye

Tun da samari suka sami na'urar nan ta neman zinariya, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, tsofaffin kayan ƙarfe suka yawaita a hannun mutane a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Gama na'urar ba zinariya kaɗai take yi wa kuka ba, ko tsohuwar likkafa ta taras sai ta yi. Da yake ni akawu ne, na yi allo na kuma taɓa boko, sau da yawa akan kawo mini abin da aka tono a kufai a ce, “Malam, duba mana wannan.”

Abin da nakan fara dubawa shi ne launin tsatsa. In ja ce, maganaɗisu kuma ya kama, baƙin ƙarfe ne, watau bakin kibiya ko mashi ko guntun linzami. In kore ce, tagulla ce, galibi munduwa. Azurfa kuwa baƙi take yi, sai an goge ta ta yi haske. Akwai kuma baƙaƙen curarruka masu ramuka ramuka da kan ruɗi yara. Wannan kashin tama ne, alamar cewa maƙera sun taɓa narkar da ƙarfe a wurin.

Kuɗi sun fi sauƙin ganewa, domin suna ɗauke da shekararsu. Kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, an fara buga su a 1907, anini goma ke yin kwabo. Ba su da hoton sarki saboda hujin, sai sunansa da kambi, da ɗan rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Wannan ya sa ake samun kwabon 1936 da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda bai cika shekara bisa gado ba. In kwabon ja ne, ba fari ba, bai riga 1952 ba.

Wanda ya fi yaudara shi ne liyari, babban kuɗin azurfa mai hoton mace, a bayansa gaggafa mai kai biyu. Kowane da za ka gani 1780 ke rubuce a jikinsa, mai shi kuwa sai ya rantse tun shekarar yake a ƙasa. Sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, a shekarar ta mutu, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin zamaninmu, domin fatake ba su yarda da wani ba. Ta hamada ayari suka riƙa shigo da shi ƙasar Hausa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne inda kayan ke ƙarewa. Liyari yakan tafi wurin maƙerin fari ya zama zobe, munduwa a sayar wa mai jari bola bisa sikeli. Ko wanda ya tsira, in ba a san ramin da ya fito ba, rabin labarinsa ya ɓace. An yi dokar kare kayan tarihi tun 1953, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, amma mai tono bai ji labarinsu ba. Tafkin Bakolori da aka gama a 1978 ya riga ya shanye ƙauyuka da gonaki da abin da ke ƙarƙashinsu. Saboda haka duk wanda ya kawo mini abu, kafin in faɗa masa sunansa, sai ya gaya mini kufan da ya same shi da zurfin ramin, in rubuta a littafina.