Zumunci a Ƙafa Yake: Hutun Kwana Uku Daga Kazaure Zuwa Kano

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da 'yata ta fari ta yi mini, wadda ta hana ni barci. Maigida ya ce gobe zai shiga Kano, sai yarinyar nan ta dube ni ta ce, "Umma, wa ne ne ba shi da lafiya?" A tunaninta ba abin da ke kai mutum Kano sai asibiti. Da na zauna na yi nazari sai na ga ba laifinta ba ne, domin mu matan wannan yanki na Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, abu uku ne ke fitar da mu daga gari: biki, ta'aziyya ko jinya.

Washegari na gwada ɗaliban ajina a Islamiyya, na ce wa ya taɓa ganin Dutsen Dala? Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Alhali tsakaninmu da Kano kimanin kilomita 80 ne kawai, kuma har zuwa shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, a Jihar Kano muke. Ga shi Allah Maɗaukaki Ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa domin mu ga ƙarshen waɗanda suka gabace mu, mu wa'azantu. Wannan ya sa na ƙudurta cewa a hutun Disamba na 2024 sai iyalina sun ga Kano da idon hutu.

Shawo kan maigida

Uwargida, kada ki tari mijinki da maganar yawon buɗe ido ranar da ya dawo a gajiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk magidanci da ya ji an ce tafiya, lissafin mai yake fara yi, kuma yana da gaskiya. Ni da zumunci na fara. Akwai gwaggonsa a cikin birni wadda tsufa ya kama, ba ta taɓa ganin autanmu ba. Na ce masa, "Baban yara, ya kamata mu kai wa Gwaggo jikokinta." Bayan ya amince sai na fito da kuɗin adashen da na yi wata huɗu ina zubi, na ce ga gudummawata. Muka raba kuɗin tafiyar kashi huɗu: na mai, na abinci da shiga wurare, na tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai lalura ta taso.

Shiri kafin a tashi

Na farko, a sanar da masu masauki tun da mako guda, kuma a je musu da hannu cike. Mu muka ɗauki gero, wake, gyaɗa da man shanu, domin kada ziyararmu ta zama nauyi a kan tukunyar Gwaggo. Baƙo raɓa ne, shi ya sa muka tsayar da kwana biyu, rana ta uku mu juyo.

Na biyu, a kai mota wurin makaniki kwana biyu kafin tafiya, a duba birki, tayoyi har da safaya, da takardun mota. Wanda ba shi da mota kada ya karaya, motocin haya na tashi daga tashar Kazaure zuwa Kano kullum, a cikin birni kuma sai a ɗauki shatar Adaidaita Sahu.

Na uku, guzuri. Dambun nama, cincin da dubulan ba sa lalacewa da wuri, amma kunun aya kan yi tsami kafin azahar, gara zoɓo. A haɗa da ruwan sha isasshe, buta, darduma, gidan sauro, rigunan sanyi saboda hunturu, farasitamol da ƙunshin ruwan gishiri da sukari.

Na huɗu, sallah. A mazhabar Malikiyya ana yin kasaru idan tafiya ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Azahar, La'asar da Isha'i su ke komawa raka'a biyu. Da yake nisan garuruwanmu da Kano ya bambanta, kowane gida ya tuntuɓi malaminsa. Abin da ba ya canzawa shi ne, a tsara yawo bisa lokutan sallah, kada a tsara sallah bisa yawo. A koya wa yara addu'ar hawa abin hawa tun a gida.

Rana ta farko: cikin ganuwa

Mun tashi bayan sallar Asuba da gari ya fara haske, muka bi ta Ɗambatta. Mutanen Roni da Gwiwa sai su fara biyowa ta Kazaure, na Ɓaɓura kuma su bi ta Kunya. Kafin shiga Kano muka wuce Dawanau, inda yara suka ga manyan motoci maƙare da buhunan hatsi. Babansu ya gaya musu cewa tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma riɗi da geron da ake nomawa a ƙauyukanmu da yawa nan suke zuwa.

Bayan mun gaisa da Gwaggo, mun ci abinci mun yi Azahar, sai muka nufi Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne mai daɗaɗɗen tarihi wanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, kayan kiɗan sarauta da hotunan da. A zamanin Rumfa ne Shehu Magili ya zo Kano har ya rubuta wa Sarki nasiha a kan yadda ake mulki bisa adalci.

Da La'asar sakaliya muka hau Dutsen Dala. Daga sama ana hango Goron Dutse, hasumiyoyin Babban Masallaci da rufin gidaje iya ganin ido. A nan na zaunar da yarana na ba su labarin Barbushe da gunkin Tsumburbura da mutanen wurin suka bauta wa, da yadda malaman Wangarawa suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Daidai lokacin aka fara kiran Magariba daga ko'ina. Na ce musu, "Ku saurara, ina Tsumburbura yau?" Shekara nawa ina koyar da tauhidi a allo, ban taɓa ganin darasi ya shiga kamar wannan ba.

Rana ta biyu: marina, kasuwa da namun daji

Da hantsi muka je marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce ta faro tun 1498. Har yau da baba da toka ake haɗa ruwan rini a cikin rijiyoyi. Yara suka tsaya suna mamakin yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa. A nan ne na gamu da abin da ba zan manta ba. Lungunan Kurmi ƙanana ne, sun yi kama da juna. Ina tsaye ina cinikin faifai da turaren wuta, ina zaton auta na hannun babansa, shi kuma yana zaton yana wurina. Da muka ankara babu yaro. 'Yar'uwa, minti goman nan ya fi mini shekara tsawo. Allah Ya taimake mu wani dattijo mai sayar da takalman fata ya gan shi yana kuka, ya zaunar da shi a rumfarsa ya ba shi dabino har muka iso. Allah Ya saka masa da alheri. Tun daga ranar na ɗauki darasi: a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, kuma kafin a shiga cunkoso a faɗa da baki wa ke riƙe da wa.

Da yamma muka kai su gidan namun daji na Audu Baƙo da ke titin Zoo, suka ga zaki, kura, jimina da kada. A ja musu kunne kada su miƙa hannu cikin keji ko su jefi dabba, domin tausayin dabbobi ma addini ne.

Rana ta uku: Tiga da komowa

Mun yi sallama da Gwaggo da sassafe, muka ɗauki hanyar Zariya ta Kura zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A hanya muka ga gonakin rani na yankin Kadawa shar da su a tsakiyar hunturu, ga tumatir ga alkama, duk da ruwan Tiga. Ruwan nan ne kuma ke gangarawa ya haɗu da Kogin Haɗejiya, ya shayar da 'yan'uwanmu na gabashin Jigawa. A bakin ruwa kada a saki hannun yaro ko na ƙiftawar ido, kuma kada a shiga kwalekwale ba rigar kariya.

Muna idar da Azahar muka juyo, domin ƙa'idarmu ita ce Magariba ta same mu a gida. Tafiyar dare da iyali ba dabara ba ce, ga hazo ga manyan motoci. Kuma kafin a bi kowace hanya a tambayi direbobin tasha halin da take ciki.

Idan aljihu bai kai ba

Ba dole sai Kano ba. Daura na nan arewa da mu, a yini guda za a je a ga rijiyar Kusugu, a ba yara labarin Bayajidda, a dawo. Ko kuwa a dafa abinci a je a zauna a gefen madatsar ruwan Kazaure a kalli duwatsunmu. Abin nema shi ne uba da uwa da 'ya'ya su yini tare, ba talabijin ba waya.

A watan azumin da ya biyo bayan tafiyarmu Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa. Da muka je ta'aziyya 'yarta ta gaya mini cewa har ta kwanta ciwo tana maganar auta da yadda ya kwana a bayanta. Na ce a raina, da mun ce sai kuɗi sun taru, da wannan zuwan na ta'aziyya shi ne zai zama na farko. Allah Ya jiƙan ta da rahama.

Saboda haka 'yar'uwa, ki duba wace ce gwaggon da ke jiran ganin 'ya'yanki, ki fara zubin adashe tun wannan wata. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya bar mu da zumunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.