Baƙuwar cikin kacala

Sana'ata ɗaukar hoto, a wurin biki da suna. Amma idan hunturu ya kama, biki ya yi sauƙi, sai in tafi bakin kogin Kwara wajen Saga, kudu da Yamai, inda ake noman shinkafa. Can akwai kacala da burgu. Cikinsu akwai ƙananan tsuntsaye.

Ɗaukar hoton amarya ba wuya. Ka ce ta tsaya, ta tsaya. Tsuntsu kuwa ba ya jin magana. Sai ka yi sammako, ka sa tufa mai duhu, ka ba rana baya, ka zauna cikin laka kamar kututture. Ka rufe na'urar da tsumma saboda ƙura. Iska tana kaɗa kacala, ka danna, sai ka ga ganye ka ɗauka, tsuntsu ya tafi. Kwana uku ina haka, hannuna ya ƙage don sanyi.

Ran na huɗu wani dattijo mai gonar wurin ya tsaya a kaina.

"Yaro, ɓarayi kake ɗauka hoto?"

Na ce, "Waɗanne ɓarayi, Baba?"

Ya ce, "Jan-baki. Nan suke kwana. Jibi zan sa wa kacalar nan wuta."

Ban ga laifinsa ba. Wanda jan-baki ya taɓa sauka gonarsa ya san abin da ake nufi. Amma wadda nake fako ba jan-baki ba ce. Na roƙe shi ya zauna kusa da ni. Muka yi shiru. Can sai ga ta, ta hau kan kara. Na danna. Wannan karo Allah ya ba ni sa'a.

Na ƙara girman hoton, na nuna masa. Bayanta ruwan ƙasa ne mai zane, da farin layi bisa ido kamar gira. Na ce, "Baba, dubi bakin." Bakin jan-baki gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Nata siriri ne kamar tsinke. Mai irin wannan baki ƙwari take ci, ba ruwanta da shinkafa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, 'yar ina ce?"

'Yan'uwa, 'yar Turai ce. Can take yin ƙwai. Idan sanyinsu ya matso, sai ta ƙetare teku da hamadar Sahara, tafiyar kilomita dubbai, ta sauka fadamunmu. Nauyinta bai wuce giram 12 ba, wato ƙwayar sukari biyu ko uku. Wajen watan Maris sai ta dage da cin ƙwari, ta tara kitse, shi ne guzurinta na komawa. In babu fadama, babu guzuri.

An taɓa ganin haka. A farin 1984, wanda ya kawo yunwa ƙasashenmu, fadamu suka bushe. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara kansa ya daina gudu a Yamai. Masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga kaɗan ne daga cikin irinta suka koma gida.

Dattijo ya ce, "Na tuna. Da ƙafa muka riƙa ƙetarawa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe tare muka sha ta."

Jibi na dawo, na tarar da hayaƙi. Ya ƙone gefen da ke jikin gonarsa, ya bar na bakin ruwa, kamar taki talatin. Bai ce mini komai ba a kai, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce in wanko masa hoton a takarda, jikokinsa su ga baƙuwa.